Aljanu Cikin Rawani: Wane Irin Wakilci Ne Wannan?

 

'Yan uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da ta gudana tsakanina da wani ɗalibina, yaro mai hazaƙa wanda yake karatu a jami'a da rana, ya zo mu yi Nahawu bayan sallar Magariba. Rannan muna tashi daga darasi sai ya miƙo mini wayarsa cike da murna, ya ce: "Malam, dubi wannan littafi. Yau dai ga mu a ciki. Jarumar Musulma ce, a Alƙahira aka fara labarin, har kiran sallah ana yi." Na karɓa, na roƙe shi ya ba ni lokaci. Na karanta littafin daga farko har ƙarshe, na kuma nemi 'yan uwansa biyu na karanta, saboda ba ya halatta ga mai ilimi ya yi hukunci a kan abin da bai sani ba. To, abin da na gani shi ne nake son in baje a gabanku, domin murnar yaron nan ta fi komai tsaya mini a rai.

Daga ina wannan iska ta kaɗo?

Turawa suna da wani reshe na ƙagaggun labarai da suka gina a kan sihiri da dodanni da yaƙe-yaƙen sarakunan dauri. Fitattun cikinsu su ne The Lord of the Rings na Tolkien wanda ya fito a 1954 zuwa 1955, da labaran Narnia na C. S. Lewis, sai kuma Harry Potter wanda aka fara bugawa a 1997, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Shekara da shekaru jaruman waɗannan labarai farar fata ne, ƙasarsu kuwa hoton Turai ce. Idan mutumin gabas ko na kudu ya leƙo ciki, galibi a rundunar abokan gaba ake ganinsa. A labaran Narnia, alal misali, akwai wata al'umma ta masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba, waɗanda aka siffanta su da zalunci da cinikin bayi. Kowa ya san su wa ake nufi.

Wannan ya sa wasu marubuta a Amurka suka tashi tsaye suna kukan cewa a ba kowace al'umma gurbinta a cikin littattafai, har a shekarar 2014 suka kafa wata gwagwarmaya mai suna We Need Diverse Books. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 2017 wata Ba'amurkiya da ta musulunta, S. A. Chakraborty, ta fitar da The City of Brass, wato Birnin Tagulla, ta biyo shi da littattafai biyu a 2019 da 2020. A 2018 Tomi Adeyemi, wadda iyayenta Yarbawa ne, ta fitar da Children of Blood and Bone. A 2021 P. Djèlí Clark, malamin tarihi a wata jami'ar Amurka, ya fitar da A Master of Djinn, wanda ya ci babbar kyautar Nebula. Waɗannan su ne littattafan da na karanta.

Adalci ya wajaba ko da a kan wanda kake jayayya da shi. Kukan da waɗannan marubuta suka yi gaskiya ne, an daɗe ana cin mutuncin baƙar fata da Musulmi a cikin adabin Turawa. Kuma marubutan nan gwanaye ne, sun iya jan zaren labari har mutum ya manta da barci. Ba na kuma tuhumar imanin kowa daga cikinsu, zukata a hannun Allah suke. Jayayyata da abin da aka rubuta ne, da kuma farashin da aka ce mu biya kafin a ba mu wannan gurbi.

Ba ƙagaggen labari muke yaƙa ba

Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta, bari in share wannan fage. Malamanmu ba su ƙyamaci ƙirƙirar labari don hikima ko koyar da harshe ba. Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 8 na Miladiyya, inda dila da zaki da sa suke magana, kuma malamai suka karɓe shi hannu bibbiyu. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya ƙagi Abu Zaidin Saruji ya yi ta yawo da shi gari gari a cikin Maƙamat guda 50, kuma har gobe ana karanta wannan littafi a zaurukan malamai a Kano da Zariya da Sakkwato. Shi kansa Hariri ya kare aikinsa a gabatarwar littafin da cewa matsayinsa ɗaya ne da labaran da ake sanyawa a bakin dabbobi, ba wanda yake ɗaukarsu a matsayin ruwaya. Ibnu Ɗufail na Andalus ya ƙagi Hayyu bin Yaƙzan. Mu ma nan mun tashi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi.

Mai karanta Kalila wa Dimna ya san dila ba ya magana. Babu wata aƙida da za ta gurɓace a zuciyarsa game da dila, domin ba a ɗora masa yin imani da komai game da dila ba. Amma aljanu da Annabi Sulaimanu (A.S) da sihiri al'amura ne da wahayi ya yi magana a kansu, aka kuma ɗora mana yin imani da su a bisa yadda suka zo. A nan gizo yake saƙar.

Na farko: an mayar da gaibu filin wasa

A cikin Birnin Tagulla, jarumar mai suna Nahri 'yar damfara ce a Alƙahira lokacin da Faransawa suka mamaye Masar a ƙarshen ƙarni na 18. Tana cikin gudanar da wasan zar, wanda shi ne ɗan uwan borin ƙasar Hausa, sai ta kirawo wani jarumin aljani ba da saninta ba, shi kuma ya ɗauke ta zuwa wani ɓoyayyen birni na aljanu. A can an tsara wa aljanu ƙabilu shida da aka ce Annabi Sulaimanu ne ya rarraba su, sarautar birnin kuwa tana rataye ne da hatimin Annabi Sulaimanu, wanda yake fita daga hannun wannan gida ya koma wancan.

Yanzu mu auna wannan da abin da muka sani. Aya ta 35 ta Suratu Sad ta ba mu labarin cewa Annabi Sulaimanu ya roƙi Ubangijinsa mulkin da ba zai kasance ga kowa ba a bayansa, aka kuma amsa masa. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa wani ifiritu ya taso wa Manzon Allah (S.A.W) yana cikin sallah, Allah Ya ba shi iko a kansa har ya yi nufin ɗaure shi a ginshiƙin masallaci, sai ya tuna addu'ar ɗan uwansa Sulaimanu ya sake shi. Subhanallah! Fiyayyen halitta ya janye hannunsa saboda ladabi ga wannan addu'a, sai ga marubuci ya mayar da wannan mulki zobe da ake fizga ana gada kamar sandar sarauta. Labaran zoben nan kuwa, Ibnu Kasir ya yi gargaɗi a tafsirinsa cewa daga Isra'iliyyat aka kwaso su.

Aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta sauka ne tana wanke Annabi Sulaimanu daga ƙazafin sihiri, tana danganta kafirci ga shaiɗanun da suke koya wa mutane shi. Aya ta 14 ta Suratu Saba'i ta nuna aljanu sun ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi, domin kowa ya gane ba su san gaibu ba. Aya ta 6 ta Suratul Jinni ta bayyana cewa mutanen da suke neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala da ɓata. Manzon Allah (S.A.W) kuma ya lissafa sihiri a cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, ya ambace shi nan take bayan shirka. To, wane darasi waɗannan littattafai suke koyarwa? A cikinsu sihiri baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, gado ne na kakanni da azzalumai suka ƙwace, kuma dawo da shi shi ne 'yanci. Wanda ya kira aljani ya sami majiɓinci, har ma masoyi.

Wani zai ce ai Harry Potter ma cike yake da sihiri. Haka ne, ba kuma wanke shi nake yi ba. Sai dai yaron Musulmi da ya karanta shi ya san baƙon abu ne, na wata ƙasa mai sanyi da wasu mutane daban. Amma idan aka kawo masa sihirin a tsakanin kiran sallah da alwala da sunayen Annabawa, daga bakin jarumin da yake azumi, ta yaya zai tsince tsakuwa daga cikin shinkafa? Yaron da bai gama Ahalari ba, bai taɓa buɗe tafsiri ba, abin da zai sani game da Annabi Sulaimanu shi ne abin da ya fi daɗin karantawa. Gubar da aka zuba a cikin ƙwaryar gidanku ta fi saurin shiga ciki.

Kada mu manta a wace ƙasa muke. A wurin mai karatu a Landan, aljani da boka kayan nishaɗi ne, ba su da bambanci da dodon tatsuniya. A wurinmu kuwa boka yana nan a bayan gari yana karɓar kuɗin matan aure, ana kai masa mai taɓin hankali maimakon asibiti, ana raba aure da zumunci da sunan sammu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya yi masa rahama) ya yi fama da wannan ciwo fiye da shekara 200 da suka wuce, ya kuma yi kakkausar magana a cikin Nurul Albab a kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu da masu duba da tsafi suna kiran kansu Musulmi. Abin da magabata suka sha wahala suna tumɓukewa shi ne yau ake dawo mana da shi cikin kyakkyawan bango, a ce mana wai ga al'adunku an karrama.

Na biyu: hikaya tana cinye tarihi

Masu kare waɗannan littattafai suna cewa ai suna sa yara son tarihin Musulunci. Mu tambayi tarihin da kansa, domin an taɓa yin wannan gwaji, sakamakonsa kuma yana gabanmu.

Ka tsayar da mutum goma ka tambaye su wane ne Haruna Rashid. Mafi yawansu za su ba ka labarin sarkin da yake ɓad da kama yana yawon dare a Bagadaza tare da wazirinsa Ja'afaru, da kuyangi da mawaƙa da Abu Nuwas. Wannan shi ne Harunan Dare Dubu da Ɗaya. Amma halifan da ya yi mulki daga 786 zuwa 809, wanda Alƙali Abu Yusuf ya rubuta masa Kitabul Kharaj a kan tsarin haraji da adalci ga talakawa, wanda ya rasu a Ɗus yana kan hanyar yaƙi, wanda matarsa Zubaida ta haƙa rijiyoyi a hanyar alhazai daga Kufa ta kuma jawo ruwa zuwa Makka, wa ya san shi? Ibnu Khaldun ya ware shafuka a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, yana rushe labarin da ake bayarwa na Abbasa ƙanwar Haruna da Ja'afaru Barmaki, da zargin shan giya da ake yi wa halifan, yana kafa hujja da yawan sallarsa da yadda yake yin Hajji a wata shekara ya fita yaƙi a wata. Duk da haka, da Jurji Zaidan ya zo a farkon ƙarni na 20 ya mayar da labarin Abbasa littafin hikaya, sai labarin ya sake rayuwa a zukatan dubban masu karatu waɗanda ba su taɓa jin hujjar Ibnu Khaldun ba. Hikaya tana da ƙafa, tahaƙiƙi kuwa rarrafe yake yi.

Abin mamaki, shi kansa sunan Birnin Tagulla tsohon labari ne da aka jingina wa Musa bin Nusair, gwamnan Afirka ta Arewa wanda a ƙarƙashinsa aka buɗe Andalus a 711. Mas'udi ya ruwaito shi, ya kuma shiga cikin Dare Dubu da Ɗaya. Ibnu Khaldun ya kawo shi a cikin misalan labaran da hankali ba zai ɗauka ba, ya ce matafiya da 'yan jagora sun ratsa wannan sahara ba wanda ya ga birnin, kuma tagullar da ake samu a duniya ba ta kai a gina gari da ita ba. Abin da malaminmu ya jefar a kwandon shara shekara 640 kafin fitowar littafin, shi aka tsinto aka wanke aka sayar mana a matsayin gadonmu.

Shi Dare Dubu da Ɗayan ma, wane matsayi yake da shi a wurin ma'abota ilimi? Ibnun Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya ambaci asalinsa na Farisanci a cikin Fihrist a shekarar 987, ya kuma siffanta shi da cewa littafi ne maras armashi. Wanda ya ɗaga darajarsa a duniya Bafaranshe ne, Antoine Galland, da fassararsa da ta fito daga 1704 zuwa 1717. Labarin Alauddin da fitila da na Ali Baba ba sa cikin rubutun Larabcin da ya fassara, ya ji su ne a Faris a 1709 daga bakin wani matashi Kirista mutumin Halab mai suna Hanna Diyab. Daga wannan fassara Turai ta gina hotonta na Musulmi: fitila, da darduma mai tashi, da aljani a cikin tulu, da sarki mai fille kawuna. Marubutan yau sun cire ƙiyayyar da take cikin hoton, wannan kuwa abin yabo ne, amma kayan ɗakin suna nan yadda Galland ya jera su. Har yanzu idan ana son a sayar da Musulmi a kasuwar littattafai, sai an haɗa shi da aljani.

Na uku: darasin ƙarya game da faɗuwarmu

Wannan shi ne ya fi yi mini ciwo. Littafin A Master of Djinn ya kai mu Alƙahira a shekarar 1912, amma wata Alƙahira ta daban. A cikin labarin, wani shehi ya buɗe ƙofa tsakanin duniyarmu da ta aljanu shekara 40 kafin nan, aljanu suka shigo suka taimaki Misirawa suka kori Turawan Ingila, Masar ta zama babbar daula. Sunan da aka ba shehin kuwa shi ne Jahiz, sunan babban marubucin Basra mai Kitabul Hayawan da Albayan wat Tabyin, wanda ya shahara da bin diddigi da yi wa camfe-camfe ba'a.

Me ya faru a zahiri? A ranar 13 ga Satumba 1882 sojojin Ingila suka murƙushe rundunar Ahmad Urabi a Tallul Kabir, kuma sojansu na ƙarshe bai bar ƙasar Masar ba sai 1956. A 1912 ɗin da ake magana, Kitchener ne yake juya ƙasar. Shi ne kuma mutumin da a Omdurman, a 1898, ya kashe kimanin mutum 10,000 daga rundunar Mahadiyya a wuni guda, alhali waɗanda aka kashe masa ba su kai 50 ba. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Waɗannan bayin Allah ba jarunta suka rasa ba. An fi su bindiga mai aman wuta, da jirgin ruwa, da waya, da tsarin runduna, wato an fi su riƙo da sabuban da Allah Ya ɗora nasara a kansu a wannan duniya.

An kuma taɓa gwada ɗaya hanyar. A Tanganyika, a farkon tawayen da aka yi daga 1905 zuwa 1907, wani mai bori da ake kira Kinjikitile ya raba wa jama'a ruwan da ya ce zai mayar da harsashin Jamusawa ruwa. Mutane suka fita da ƙarfin zuciya, bindiga ta yi ta zuba su, yunwa ta biyo baya, mafi ƙarancin ƙiyasi ya nuna mutum 75,000 ne suka halaka. Wannan shi ne abin da yake faruwa idan al'umma ta jingina 'yancinta ga asiri. Labarin da yake ce wa jikokin waɗanda aka ci da yaƙi da ma kuna da aljanu da kun yi nasara, lallashi ne mai sa barci. Yaron da ya kamata ya tambayi me ya sa ba mu ƙera namu makamin ba, me ya sa sarakunanmu ba su haɗa kai ba, sai a ba shi mafarki ya rungume.

Wa yake zaɓen wakilin?

Mu dubi kalmar wakilci ita kanta. A fiƙihu, wakili shi ne wanda mai haƙƙi ya naɗa. Su waɗannan jarumai wa ya naɗa su? Kamfanonin ɗab'i na New York da Landan ne suke zaɓen abin da za a buga, da Turanci, domin masu sayen da mafi yawansu ba Musulmi ba ne. Saboda haka ake ɗaukar abin da zai burge baƙo, irin su rawani da turare da kasuwa da sunaye, a bar abin da zai yi masa nauyi. A littafin Tomi Adeyemi za ka ga Ilori da Sakkwato da Gombe da Jimeta, amma Ilorin cikinsa ƙauyen masunta ne a bakin teku. Garin Shehu Alimi, garin malamai da masallatai, wanda yake da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, sunansa kawai aka ara aka zubar da abin da yake ciki. Marubuciyar tana da 'yancin ƙaga duniyarta, amma mu ba mu da dalilin cewa mun ga kanmu a ciki.

Gida ma bai tsira ba

Ba zan nuna wa na waje yatsa in manta da na gida ba. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 aka sami Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, sa'an nan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi duniyar aljanu yana ta cin nasara, kafin ya dawo gida ya tarar mulkin Turawa ya kafu. Littattafan yaƙi da suka cika kasuwanninmu, waɗanda yanzu ake karanta su a rediyo da YouTube, cike suke da bokaye da matsafa da takubban sihiri. Da yawansu sukan rufe da cewa jarumi Musulmi ya yi kabbara tsafi ya karye, amma sai bayan an shafe shafi ɗari ana kambama ƙarfin boka. Wanne ne zai zauna a ƙwaƙwalwar yaro?

Haka nan ba na goyon bayan masu ganin ashana ita ce magani. A 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano. Me ya biyo baya? Rubutun ya ƙaura zuwa wayoyin hannu, inda babu mai tacewa, babu mai gani. Littafin da yake cikin wayar ɗalibina, wace wuta ce za ta ci shi?

Abin da ya kamace mu

Da farko, iyaye da malamai su karanta abin da 'ya'yansu suke karantawa, su zauna da su a tattauna. Ni da ɗalibina mun buɗe Suratu Sad da Suratu Saba'i a gefe guda, littafinsa a ɗaya gefen, shi da kansa ya riƙa nuna mini inda aka saɓa. Wannan ya fi tsawa amfani. Sa'an nan makarantun Islamiyya su koyar da babin aljanu da sihiri da ƙissoshin Annabawa daga ingantattun tushe tun yara suna ƙanana, kafin wani ya riga mu.

Na biyu, masu baiwar rubutu daga cikinmu su san cewa fagen nan fagen aiki ne. Wanda yake son jarumai mabambanta launi da harshe, tarihinmu ya ishe shi ba sai ya kira aljani ba. Aɗa'u bin Abi Rabah baƙar fata ne, 'yantaccen bawa, shi ne muftin Makka a zamaninsa. Sibawaihi Bafarishe ne, shi ya rubuta uwar littattafan Nahawun Larabci. Ga Mansa Musa da ayarinsa a Alƙahira a 1324. Ga Ahmad Baba na Tumbutu da aka kai shi Marrakush cikin sarƙa a 1594, ya zama malamin waɗanda suka kama shi. Ga Ayuba Sulaimanu Jallo na Bundu da aka sayar a Amurka a 1731, ya rubuta Alƙur'ani da ka a Landan, ya koma gida a 1734. Ga Musulmin da suka yi tawaye a Bahia ta ƙasar Brazil a 1835, da Hausawa a cikinsu. Ga Nana Asma'u da jajis ɗinta suna ratsa ƙauyuka suna karantar da mata. Wanne ne a cikin waɗannan bai isa littafi mai shafi 400 ba? Larabawa sun nuna ana iyawa: Ali Ahmad Bakasir ya rubuta Wa Islamah a kan Ƙuɗuz da yaƙin Ainu Jalut na 1260, Najib Kailani kuma ya rubuta Amaliƙatus Shimal a kan ƙasarmu Nijeriya. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga almara, to ya ƙagi duniyarsa da halittunsa yadda ya so, kamar yadda aka ƙagi Gizo, amma ya bar Annabawa da Mala'iku da abin da wahayi ya yi bayani a kansa, kada kuma ya mayar da boka gwarzo.

Na uku, mawadata da ƙungiyoyi su sa dukiya a wannan aiki, a kafa gasa, a biya marubuta, a buga da Hausa mai daɗi. Muna gina masallatai, Allah Ya saka da alheri, amma yaron da zai cika sahun gobe yana kwana da labarin da wani ya rubuta masa.

Ɗalibina ya tambaye ni daga ƙarshe: "To Malam, in na bar wannan me zan karanta?" Na ba shi Rihlar Ibnu Baɗɗuɗa da abin da ya sawwaƙa, amma na san a raina amsar ba ta cika ba, kuma ba za ta cika ba sai ranar da muka rubuta namu. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya tsare zuriyarmu daga sharrin masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Allah Shi ne Mafi sani.